Canza layi, canza IMEI ko ƙaramar waya: wanne ke ɓoye mutum a Accra?

Danna *#06# a wayarka. Ba sai ka taɓa maɓallin kira ba, lambobi 15 za su fito da kansu, jeri biyu in wayar mai cin layi biyu ce. Ita ce IMEI, lambar jikin waya, wadda aka sa mata tun a masana'anta. Takwas na farko suna faɗin irin wayar da samfurinta, shida na bayansu nata ne ita kaɗai, ta ƙarshen kuma ta tantancewa ce don a gane in an yi kuskure wajen kwafa. Duk sanda wayar ta kama sabis, kamfanin layin yana iya tambayarta wannan lamba, kuma ba ta taɓa yi masa gardama.

A majalisun unguwannin Nima da Mamobi a Accra, in hira ta gangaro kan cewa ana bibiyar wayoyin mutane, shawarwarin da ake bayarwa sanannu ne. Wani ya ce a yar da layi a sayi sabo. Wani ya ce a je Circle, matattarar masu gyaran waya, a canza lambar jikin wayar. Dattawa sun fi yarda da 'yar ƙaramar waya mai madannai, samari kuma VPN suke kira, manhajar da ke ɓoye shafukan da mutum ke shiga. Akwai ma masu cewa a cire layin gaba ɗaya a riƙa yawo da MiFi a aljihu, wato 'yar na'urar da ake sa wa layi ta ba waya Wi-Fi. Kowace da kuɗinta da wahalarta, kuma ba abu ɗaya suke karewa ba, don lambobin da waya ke furtawa sun fi ɗaya, masu sauraronsu ma daban-daban ne.

Bayan IMEI akwai lambar da ke cikin layi, IMSI, wadda ba ita ce kake ba mutane su kira ka da ita ba. Ta Ghana tana farawa da 620, sai 01 in MTN ce, 02 in Telecel ce. Waɗannan biyun ƙarfen sabis suke zuwa. Masu ganinsu su ne kamfanin sadarwa, da wanda doka ta ba ikon tambayar kamfanin, da kuma wanda ya kafa ƙarfen bogi. Ta uku lambar MAC ce, ta Wi-Fi, haruffa da lambobi 12, wadda mai na'urar Wi-Fi ke gani, ta otal ce ko ta makaranta ko ta babban kanti. Ta huɗu ba a ƙarfen wayar take ba, lambar talla ce da Google ko Apple ke ba waya, manhajoji su karanta. Shafin intanet da ka buɗe ba ya ganin IMEI ɗinka, ba ya ganin MAC ɗinka. Wannan kaɗai ya isa a sallami VPN daga zancen. Tana ɓoye wa kamfanin layi ko mai Wi-Fi shafukan da kake shiga, amma tun kafin ka kunna ta wayar ta riga ta gaisa da ƙarfen sabis ta faɗi sunanta. In kuwa irin ta kyauta ce, abin da ka ɓoye wa kamfanin layi ka miƙa shi ne ga wanda ba ka san ko a wace ƙasa yake ba.

Canza layi shi ne mafi arha, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. Tun 1 ga Oktoba 2021 aka fara sabunta rajistar layuka da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, har da ɗaukar hoton fuska da yatsu, kuma a ƙarshen Mayu 2023 aka yanke waɗanda ba a yi wa ba. Mutum ɗaya yana iya riƙe layi har goma, amma duk goman a kan kati ɗaya suke rataye. Ko a ajiye maganar kati, sabon layi a tsohuwar waya bai raba komai ba: jiya IMEI ɗin nan tana tare da layin farko, yau tana tare da na biyu, a littafin kamfani ɗaya. Saura layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, wanda ake sayarwa a ɓoye. Ban da cewa ya saɓa ƙa'idar rajista, duk kuɗin MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, da ka tara a cikinsa a kan sunan wani suke. Ranar da layin ya ɓace ko aka toshe shi, ka je ofishi za a ce ka kawo mai katin, mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Sai maganar Circle. Wanda ya san lungunan masu gyaran waya a wurin ya san yadda teburin yake: akwatin gilashi cike da matattun wayoyi, tsohuwar kwamfuta, igiyoyin caji a cukurkuɗe, yaro da tsinken ƙarfe a hannu yana leƙa cikin waya. Ka tsaya kaɗan za ka ji wani ya ce, "Alhaji, kawo a yi mata filashin, yanzun nan za ka tafi da ita." A yawancin wayoyi masu arha ana iya sake rubuta IMEI, kuma aikin yana da halastacciyar fuska, don wani lokaci filashin, wato sake ɗora manhajar da ke tafiyar da wayar, kan goge lambar, wayar ta daina kama sabis, sai an maido mata tata. A iPhone da manyan wayoyin zamani abin ba sauƙi. To, a ce ma an canza. Minti ɗaya bayan ka mayar da layinka, sabuwar lambar ta hau kan tsohon layi, tsohon layi kuma yana kan Ghana Card ɗinka. Kuɗin da ka biya sun tafi a banza.

Ba a nan asarar ta tsaya ba. Sabuwar lambar daga wani wuri za ta fito, ko ta wayar wani ce aka kwafo, ko ƙirƙirarta aka yi. In ta wani ce, ka gaji tarihinsa ba ka san ko wane ne ba, in kuma lambar tana cikin jerin waɗanda aka toshe, wayar ta zama ta kallon hoto kawai. Sannan waɗancan takwas ɗin na farko ba sa rufa asiri. Wayar da lambarta ke cewa ita ƙaramar Nokia ce amma ga ta tana jan bidiyo a 4G ta fi fita daban a idon kamfani a kan wadda ba a taɓa ba. A Ingila tun 2002 canza wannan lamba laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyar, dalili kuwa satar waya. A nan ma, ɗan sandan da ya ga lambar waya ta saɓa da ta kwali da ta rasit, sata zai fara kawowa a ransa, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar manyan laifuka ta 1960. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika faɗa ba: don ka ɓoye lambobi 15 ka miƙa wayarka a buɗe ga baƙo, da hotunan iyalinka, da WhatsApp, da saƙonnin MoMo, ka zauna a benci kana jira. A cikin zaɓuɓɓukan nan duka, wannan ne kaɗai zan ce kada a kusance shi.

Ƙaramar waya mai madannai, wadda ake cewa yam, ita ce ta fi cancantar a zauna a kanta, don rabin abin da dattawa ke faɗa game da ita gaskiya ne. Ba ta da manhajojin da ke kwasar sunayen mutanenka. Ba ta da lambar talla. Yawancinsu ba su da Wi-Fi, ba su da GPS, kuma kana iya zare batirin ka ajiye a gefe, ka tabbata ta yi shiru, abin da yawancin manyan wayoyi ba za su yi maka ba yau. Caji ɗaya ya kai ka kwanaki, ko an ɗauke wuta. Ga kamfanonin talla da manhajoji, mai irin wannan waya kusan babu shi.

Amma ga ƙarfen sabis tana nan sarai, har ta fi babbar waya tsiraici. Tana da IMEI, layinta na da IMSI, kuma mafi yawansu 2G kawai suka iya. A tsarin 2G waya ce ke tabbatar wa ƙarfe ko ita wace ce, shi ƙarfen ba ya tabbatar mata da komai. Duk na'urar da ta yi shigar ƙarfen sabis ta fi na gaskiya ƙarfi a wurin, wayar za ta bi ta, ta ba da lambobinta, kuma ana iya umartarta ta yi magana ba kulle. Shi kansa kullen na 2G, A5/1, tun shekarun 1980 aka ƙirƙiro shi, kuma tun ƙarshen 2009 masana suka nuna a bainar jama'a yadda ake fasa shi. Kira da saƙon tes kawai take yi, su kuwa ba a kulle suke daga kai zuwa wanda ka kira ba, kamar yadda WhatsApp ko Signal ke yi. Wanda ya bar babbar waya ya koma ƙarama don tsoron a saurari maganarsa, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Akwai kuma masu riƙe biyun, babba a hannu, ƙarama a aljihun riga, suna ganin ƙaramar ce ta sirri. Wayoyi biyu da ke kwana a gida ɗaya, su hau trotro ɗaya, su kama ƙarfe ɗaya a lokaci ɗaya kullum, ba sai an yi dogon lissafi ba za a gane na mutum ɗaya ne. Wani bincike da aka buga a 2013, kan bayanan zirga-zirgar mutum miliyan ɗaya da rabi da aka cire wa sunaye, ya nuna wurare huɗu da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Ka auna da kanka. Wayar da ke kwana a Nima, ta wayi gari a Kantamanto, ranar Juma'a da azahar tana masallacin ƙasa na Kanda, ranar Lahadi tana gidan surukai a Madina, mutum nawa ne a Accra ke da wannan jerin? Kowace lamba aka liƙa mata, tafiyar ta riga ta faɗi mai ita.

Inda ƙaramar waya ta yi fice shi ne tsaron kuɗi. A sa layin MoMo a cikinta, a riƙa danna *170# daga nan, babu manhajar da za ta karanta saƙon da ya shigo, kuma in an fizge babbar wayar a tasha kuɗin ba su tafi da ita ba. Wannan dalili ne mai kyau na sayenta. Sai dai ba shi ne dalilin da ake faɗa a majalisa ba.

Babbar waya fa? A nan abin da ya raba wata da wata ba sunan kamfani ba ne, shekarun manhajar da ke tafiyar da ita ne. Daga Android 10, wadda ta fito a 2019, an hana manhajojin da mutum ke saukewa karanta IMEI da lambar siriyal, kuma wayar ta koma ba kowace Wi-Fi lambar MAC ta bogi. A wayar da ta tsaya a Android 9 ko ƙasa, manhajar da ka ba izinin kira tana iya kwashe IMEI ɗinka ta aika inda ta ga dama. Apple ba ta ba manhajoji IMEI, kuma ta kawo lambar bogi ga kowace Wi-Fi a iOS 14, a 2020. Akwai hanyar dubawa mai sauƙi. Shiga saitin Wi-Fi, taɓa sunan wadda kake kai, nemi lambar MAC, ka kalli harafi na biyu. In 2 ne, ko 6, ko A, ko E, ta bogi ce. In wani abu ne daban, ta ainihin wayar ce take bayarwa, sai ka kunna Randomized MAC a Android ko Private Wi-Fi Address a iPhone.

Kariyar tana da iyaka. A Android lambar bogin ba ta cika canzawa ga Wi-Fi ɗaya ba, don haka otal ɗin da ka sauka bara zai gane ka bana, abin da ba zai iya ba shi ne ya haɗa ka da wanda ya shiga Wi-Fi ɗin wani kanti. iOS 18 ta ƙara zaɓin a riƙa juya lambar lokaci-lokaci. Duk wannan kuma ya rushe in shafin shiga ya ce ka sa lambar wayarka kafin a ba ka intanet kyauta, ka sa. Haka nan mutanenmu da son sa cikakken suna a Bluetooth da hotspot: ka buɗe Wi-Fi a cikin trotro ka ga sunan mutum da na mahaifinsa, wani har da unguwa. Wannan gyaran daƙiƙa kaɗan ne, kuma ya fi duk abin da za a yi maka a Circle amfani.

Kashe 2G shi ne babban abin da babbar waya ke da shi wanda ƙarama ba za ta taɓa samu ba. Android 12 ta kawo maɓallin Allow 2G a 2021, amma sai kayan cikin wayar sun dace, kuma ba kowane kamfani ke fito da shi ba, don haka a duba saitin layi tun a shago kafin a biya. A iPhone ba maɓalli ne mai zaman kansa ba, yana cikin Lockdown Mode tun iOS 17, wanda ke taƙaita wasu abubuwa da yawa har ya gundiri wanda ba ya cikin haɗari na gaske. Kada a ruɗe a kulle waya a 4G zalla, don a layuka da yawa kira da *170# sai sun sauka 3G ko 2G suke aiki. Wanda kuma zai yi tafiya arewa, ya ratsa ƙauyukan hanyar Tamale ko Bawku, ya kunna 2G ɗinsa, don akwai wuraren da shi kaɗai ake samu. Tsarin 5G cikakke ne kawai ke kulle lambar layi kafin ta fita iska, shi ma daga mai ƙarfen bogi yake ɓoye ta, ba daga kamfani ba. An yi bikin ƙaddamar da 5G a Accra a Nuwamba 2024, amma wayoyin da ke hannun jama'a a Zango har yanzu tsakanin 4G da 3G suke kai-komo.

In an zo saye, iPhone ta gwanjo ba duka ɗaya ba ce. iPhone 6 a iOS 12 ta tsaya, ba ta da lambar bogi ga kowace Wi-Fi. 6s da 7 sun tsaya a iOS 15, 8 da X a iOS 16, suna da lambar bogin amma ba sa kashe 2G. Daga XR zuwa sama ne ake samun duka. Sabuwar Tecno ko Infinix ko Samsung mai Android 12 zuwa sama ta fi tsohuwar iPhone 6 nesa ba kusa ba a wannan fanni, duk da cewa a majalisa iPhone ce ke da suna. Can ƙarshe akwai Pixel, wayar Google, da aka ɗora wa GrapheneOS, wani nau'in Android da aka tsaurara wa tsaro, wadda ke canza lambar MAC duk sanda aka sake haɗawa da Wi-Fi. Google ta yi wa Pixel 8 alkawarin sabuntawa na shekara bakwai. Amma Pixel ba ta cika yawa a kasuwarmu ba, in gilashinta ya fashe samun wani aiki ne, wasu manhajojin banki kuma ba sa yarda da GrapheneOS. Ita ma ba ta canza IMEI. Kowace ka zaɓa ta gwanjo, ka danna *#06# a gaban mai shago, ka gwada da abin da ke kwali ko a jikin ma'ajin layi, ka sa ya rubuta lambar a rasit. Ranar da aka fizge wayar, wannan lambar da ake ta neman ɓoyewa ita ce shaidarka a ofishin 'yan sanda.

MiFi ce kaɗai a cikin jerin da ke hana kamfanin sadarwa ganin IMEI ɗin wayarka da gaske. Ka cire layi, ka danna alamar jirgin sama, ka kunna Wi-Fi kawai, wayar ba ta magana da ƙarfe ko ɗaya. Amma ita MiFi tana da tata IMEI, da layinta da aka yi wa rajista da katinka, in kuma tana aljihunka to duk inda ka je ta je. Amfaninta yana fitowa ne in ta zauna a gida ko shago, kai ka fita da wayar da ta yi shiru. Kuɗin hakan kuwa babu kira, babu *170#, babu saƙon lambar sirri daga banki, kuma abokin ciniki ba zai same ka a hanya ba. Ɗan jarida mai bincike na iya jure wannan na 'yan sa'o'i. Hajiyar da ke sayar da atamfa a Makola ba za ta iya ba, kuma ba ta buƙata.

Abin da ke hannun kamfanin sadarwa ba saitin waya ke tsare shi ba, doka ce. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin sadarwa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843. A Maris 2020, lokacin korona, gwamnati ta fitar da umarnin E.I. 63 da ya nemi kamfanoni su miƙa bayanan masu layi. Wani lauya ya kai ƙara, a 2021 Babbar Kotu a Accra ta ce tattara bayanan ya keta haƙƙin sirri, ta ba da umarnin a daina a kuma goge. Babu mai gyaran waya da zai iya yi wa kowa wannan.

Ga mai shago, ko direba, ko ɗalibi, zaɓina shi ne babbar waya mai Android 12 ko iOS 17 zuwa sama, a bar IMEI yadda take, a goge lambar talla a saitin Google ko a ƙi ba manhajoji izinin bibiya a iPhone, in da hali a ware ƙaramar waya don MoMo. A kuma guji manhajojin ba da rance marasa lasisi, waɗanda Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi a kansu. Su ba ruwansu da IMEI, sunayen mutanenka da hotunanka suke kwashewa da izinin da ka danna musu, ranar da biya ya yi jinkiri su fara kiran 'yan uwa.

Wadda kuma take zargin wani na kusa da ita ne ke sanin duk inda ta je, tsohon miji ne ko wani a gida, ba ta IMEI yake bi ba, don ba shi da hanyar shiga littafin kamfani. Yawanci shi ya buɗe mata asusun Google ko iCloud ranar da aka sayi wayar, kuma har yau ya san kalmar sirrin. Ki fara da WhatsApp, ki shiga Linked devices ki fitar da duk na'urar da ba ki sani ba. Ki duba Google Maps ko Find My ki ga ko ana raba wa wani inda kike. Sannan ki canza kalmar sirrin asusun daga wata wayar da bai taɓa riƙewa ba, ki tabbata lambar da ake aika wa saƙon maido da asusun taki ce, ba tasa ba.